Wanda Ya Rufe Ruwa a Gidan Pastin Helmi

Asabar ɗin ƙarshe kafin zaɓe, da safe, Curtis Lahti ya zo buɗe tsohon gidan pastin mahaifiyarsa da ke bakin babban titin Torvala, inda a da take sayar da pasti, wato fulawar da ake naɗe nama da dankali a ciki a gasa, ya tarar an riga shi. Gilasan gaba duk sun zube a ƙasa. Sababbin kantocin da ya sayo don jera kaya an bi su ɗaya bayan ɗaya da guduma. A jikin bango an rubuta A'A da jan fenti, kowane harafi ya kusa tsayin mutum. Allon katakon da ke saman ƙofa, mai ɗauke da sunan mahaifiyar tasa, marigayiya Helmi, allon da ya girmi rabin mutanen garin, shi ma babu shi, sai ramukan ƙusoshi.

Sajan Arlene Niemi ta iso tana ɗingishi da gwiwar hagu, da kofin gahawa a hannu. Ta daɗe tana aikin ɗan sanda a gundumarmu, amma ba ta taɓa gajiya irin ta wannan kaka ba. Tun da aka sa ƙudirori biyu a takardar zaɓe garin ya tsage. Na Ɗaya ya ce a yarda a buɗe shagunan sayar da wiwi a cikin gari, tunda dokar jihar Michigan ta halatta. Na Biyu ya ce a hana, ko da wasa. Lauyan gari ya ƙara wa wutar fetur da ya ce in duka biyun suka sami rinjaye, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi zai zama doka. Mu mutanen Torvala, da a da in mutum ya jera maka jimla uku sai a ce ya sha wani abu, sai ga kowa ya zama mai wa'azi. Arlene ba ta da aiki sai raba faɗa kan allunan kamfe da ake tugewa a ƙofar gidaje. Har maƙwabtan da suka tsufa suna zuwa farautar barewa tare sun daina gaisawa.

Curtis shi ne jagoran 'yan Na Ɗaya, kuma shagon wiwi yake shirin buɗewa a ginin. Tun yana saurayi ya tafi Detroit, bai dawo da zama ba sai bara, shekaru bayan rasuwar uwarsa, mahaifinsa Eino ya mallaka masa ginin. Hujjarsa ita ce ma'adinai sun ƙare, katako ya ƙare, makaranta na neman rufewa, ga mutanen Wisconsin can tsallaken kogi dokarsu ba ta ba su ba, kullum suna wuce mu da motoci suna kai kuɗinsu gaba. Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ya faɗa har kunne ya gaji.

Yana tsaye a tsakiyar gilasai, jini na ɗiga daga yatsansa, ya ce wa Arlene ba sai ta wahalar da kanta ba, aikin Rodney Gauthier ne. Kowa ya ji abin da ya faɗa a taron gari. Curtis ya wuce wurin wanke hannu ya murɗa famfo. Ko ɗigo bai fito ba. Ya murɗa ɗayan, haka. Nan take ya zauna a kan bokitin fenti ya dafe kai.

"Shi ke nan," ya ce. "Bututai sun daskare. In sun fashe a cikin bango, ginin ma ya tafi."

Yana da dalilin tsorata. Daren ya yi sanyi mai tsanani, kuma duk ginin da sanyi ya kama ruwan da ke cikin bututansa, ƙanƙara za ta tsaga su, ranar da ta narke gida ya zama tafki. Arlene ta ajiye kofinta ta duba makunnin injin ɗumama gini da ke jikin bango. A kashe yake. Ta tambaye shi, ya ce shi a kunne ya bar shi jiya don fenti ya bushe. Ta leƙa bayi. Ruwan da ke cikin masai ya koma launin ruwan hoda.

"Ina babban makullin ruwan ginin yake?"

"A ƙasa mana, ina jin. Ban taɓa neman sa ba."

Ta sauka ɗakin ƙasa tana riƙe bango, tana zagin gwiwarta a zuci. Ta daɗe tana haska tocila kafin ta same shi, can bayan wata tsohuwar gangar fulawa da sai an ja ta ake ganinsa. A rufe yake tam. An sa bokiti a ƙarƙashin ƙaramin famfon tsiyaye ruwa, ya cika kusan baki. An kuma mai da gangar daidai inda take, sawunta kawai ya nuna a ƙasa. Babu bututun da ya fashe, domin babu sauran ruwa a cikinsu.

Kafin ta hau sama wayarta ta yi ƙara. Ogansu ne, shugaban 'yan sandan gunduma, wanda shi ma sunansa na kan takardar zaɓen ran Talata. Ya ce ta kwantar da hankalinta, an riga an ɗauko Rodney, har an sami gwangwanin jan fenti a bayan motarsa.

Rodney Gauthier ya yi shekaru a gidan yari saboda sayar da wiwi, tun lokacin da abin yake laifi. Sakin talala aka yi masa. Yana zaune a wani ɗan gida bayan injin katako da 'yarsa Tessa, wadda uwarta ta tafi tun yana ɗaure ba ta waiwayo ba. Sharaɗin sakinsa a fili yake: in aka kama shi da kowane irin laifi, zai koma ya ƙarasa sauran shekarunsa. Ran Litinin za a kai shi gaban alƙali. In ya koma, hukuma za ta ɗauki yarinyar ta ba wasu riƙo, a wani gari. A yanzu tana wurin wata maƙwabciya.

Arlene ta same shi a ɗakin tambayoyi ya ɗora manyan hannayensa a kan tebur. Ita ce ta kama shi wancan karon, kuma duka biyun ba su manta ba.

"Ka ce a taron gari shagon nan ba zai buɗe ba."

"Na faɗa. Yau ma in kika tara mutane zan sake faɗa."

"Ina kake jiya?"

"A gida, da Tessa. Sai dai ki tambayi yarinya mai barci ta ba da shaida."

"Fentin fa?"

"Ni nake rubuta allunan 'yan Na Biyu. Kuma Sajan, wane gida ne a garin nan babu jan fenti? Da shi kowa ke shafe rumbunsa."

Ta tambaye shi abin da ya haɗa tsohon dillalin wiwi da matan coci masu jagorantar Na Biyu. Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. Ya ce shi ba ruwansa da zunubi, ba don Allah yake yi ba. Ganyen da aka ɗaure shi a kansa, har bai ga tafiyar farko ta 'yarsa ba, shi ne Curtis zai jera a kanta mai fitilu, magajin gari ya zo ya yanka masa kintinkiri. Shi kuwa ko sharar shagon ba za a ba shi ba saboda tarihinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

"In kai ne ka shiga, me za ka yi da ruwan ginin?"

Ya kalle ta kamar ta tambaye shi wautar duniya.

"In ni ne? In buɗe duk famfunan in toshe magudana in tafi. Da safe ya zo ya yi wasan zamiya a ciki." Muryarsa ta sauka. "Arlene, kada a gaya wa Tessa inda nake. Ku ce aiki ya riƙe ni."

Ta yarda da shi, amma yardarta ba shaida ba ce. Oga ya ce mata bokitin ruwa ba ya wanke mutum a gaban alƙali. In tana da wani, ta kawo shi kafin Litinin.

Daga nan ta biya ta coci, inda Lorraine Ostlund, shugabar 'yan Na Biyu, take jagorantar mata suna naɗe pasti na tara kuɗin kamfe. Ƙamshin nama da dankali da albasa ya cika wurin. Lorraine ba ta bar murza fulawa ba. Ta ce ita da rabin matan nan suna wurin zaman makoki a wani gari jiya, sun kwana a can, a tambayi fasto. Ta ce in ana neman mai laifi a dubi Curtis da kansa, shi ya fasa abinsa don a ji tausayinsa a ba shi ƙuri'a, irin wayon mutanen birni.

Arlene ta riga ta auna wannan ta ajiye. Ta ga fuskar Curtis lokacin da famfo ya ƙi kawo ruwa, kuma mutumin da bai san inda makulli yake ba ba zai rufe shi ba.

"Kin san sunan da zai sa wa shagon?" in ji Lorraine. "Lambun Helmi. Har ya ce tsohon allon zai bari a ƙofa, wai don tarihi. Helmi, da ko maganin tari mai giya ba ta yarda a shigo mata da ita gida ba. Na tare Eino bayan sujada na ce masa, yaya za ka zuba ido? Kin san me ya ce? Ginin nasa ne yanzu. Shi ke nan fa, ya sa hularsa ya wuce."

Ta naɗe wa Arlene pasti biyu a takarda ta tura mata, ta ce ba cin hanci ba ne, ta ga ta rame ne.

Arlene ta ci ɗaya a mota, a bakin titi, tana kallon tagogin da Curtis ke toshewa da katako. Ba ta ji daɗin inda tunaninta ya kai ta ba. Da za a ba ta zaɓi, da ta fi son ya zama wasu samari ne daga tsallaken kogi. Ta koma gida ta sa ƙanƙara a gwiwa, ta bar abin ya kwana.

Ran Lahadi da hantsi ta kama hanyar daji zuwa gidan Eino Lahti. Tsohon ya haura tamanin, yana zaune shi kaɗai, ba ya kunna rediyo, garin ma sai dole ke kai shi. A ƙofar gidansa akwai allon Na Ɗaya, babba, an kakkaɓe masa dusar ƙanƙara tsaf. Itacen hura wuta a jere yake kamar an auna da igiya. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi a kowane gidan namu.

"'Yar Toivo," ya ce da ya gan ta, don da sunan mahaifinta yake kiranta tun tana ƙarama. "Zauna."

Ya zuba mata gahawa ya yanka nisu, burodin zaƙin da Helmi ta koya masa. Suka yi maganar sanyi, suka yi maganar barewa. Sai da kofinta ya kai rabi ta fara, a hankali, idonta a kan tebur.

Ta ce ta ga ɓarna iri-iri a aikinta, amma ba ta taɓa ganin mai ɓarnar da ya fasa tagogi sannan ya tsaya ya kashe injin ɗumama ba. Wannan sai mutumin da aka rene shi da cewa ba a ɗumama titi, mai ba a banza ake samunsa ba. Da ya kashe injin kuma sai ya tuna da bututai. Ya sauka ƙasa ya rufe ruwa, ya tsiyaye shi a bokiti, ya buɗe famfuna, ya zuba maganin hana daskarewa mai launin ruwan hoda a masai, daidai yadda kowannenmu ke rufe bukkarsa ta farauta in sanyi ya shigo. Ta ce rabin garin sun iya wannan. Amma makullin ginin yana bayan gangar fulawa, ita da tocila da rana ma sai da ta sha wuya. Wanda ya je kansa kai tsaye, ya kuma mai da gangar wurinta, mutum ne da ya saba rufe ginin duk shekara tun da Helmi ta rasu. Ya farfasa duk abin da yake sabo, bai taɓa tanderun ba, bai taɓa teburin murza fulawa ba. Allon ma ba ɓalle shi aka yi ba, zare ƙusoshin aka yi ɗaya-ɗaya.

"Mista Lahti, wanda ya shiga wurin nan shagon ya tsana. Ginin kuwa son sa yake yi."

Eino bai ɗago ba. Ya tattara ɓurɓushin burodi da gefen hannu ya tara su wuri guda. Irin shirun nan mutanenmu kan iya kai shi har kabari, kuma Arlene ta san ba ta da abin da za ta tilasta shi da shi. Ba ta da sawun hannu, ba ta da wanda ya gan shi.

"An kama Rodney Gauthier," ta ce. "Tun jiya yana tsare. Gobe alƙali zai mai da shi gidan yari, a ɗauke 'yarsa."

A nan ne ya ɗago.

"Rodney? Me ya haɗa shi da wannan?"

"Bakinsa. Da jan fenti a motarsa. Da sunan da ya riga ya yi."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ga shi na gaya maka."

Ya tashi ya fita ba tare da ya sa riga mai nauyi ba. Ta hango shi ta taga ya nufi sauna, ɗakin wankan tururin da ke bayan gida. Ya dawo rungume da wani abu a naɗe cikin bargo, ya ɗora a kan tebur ya buɗe. Allon ne. An ma goge shi da mai, haruffan sun fito.

Bai yi doguwar magana ba, ba halinsa ba ne. Ya ce shi ya sassaƙa allon da hannunsa shekarar da suka yi aure. Da Curtis ya dawo gida ya roƙi ginin, ya ba shi, domin ya ji tsoron in ya hana shi zai koma Detroit, wannan karon kuma ba zai sake dawowa ba sai ranar jana'iza. Ya kafa allon kamfe a ƙofa don yaron ya ji daɗi. Ya yi ta cewa gobe zai yi masa maganar sunan, goben ba ta zo ba. Ya yi zaton in masu zuba kuɗi daga birni suka ga an yi ɓarna za su janye, abin ya mutu da kansa, Curtis ya zargi gari, kada ya zargi ubansa.

"Da ka gaya masa kawai," in ji Arlene. "Ka ce ya sake suna."

"Da na iya, da na yi."

Ta ji haushinsa, ta kuma ji tausayinsa, gajiyar ta fi duka biyun. Wata biyu garin nan yana ihu a kan tituna, amma maganar da ta kamata a yi tsakanin mutum biyu a kan teburin cin abinci ba a yi ta ba, sai da guduma. Ta tambaye shi, don dai ta sani, wanne zai zaɓa ran Talata.

"Na Ɗaya," ya ce. "Na yi wa yaron alkawari."

Ta ce masa sai ya zo ofis ya maimaita abin da ya faɗa a gaban Oga, a rubuta, ya sa hannu. Curtis zai ji, babu yadda za a yi a ɓoye. Ya gyaɗa kai. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya rufe murhu, ya duba tagogi. Sai ya ɗauki tocila da bokiti ya nufi ƙofar ɗakin ƙasa.

"Ina kuma za ka?"

"In rufe ruwa. Ban san kwanakin da zan yi ba."

"Mista Lahti, ginin ɗanka ne, kuma ba ka taɓa laifi ba. Da wuya ya wuce tara. Yau a gadonka za ka kwana."

Ya tsaya a kan matakalar farko, bai juyo ba.

"Wancan karon ma haka kuka gaya wa Rodney, 'yar Toivo. Ina wurin, a injin katako. Kika ce masa tambayoyi ne kawai, zai dawo kafin abincin dare."

Haka kuwa ta faɗa wa Rodney, kuma a lokacin ta ɗauka gaskiya ne. Ta bar shi ya sauka. Hali zanen dutse ne, ba ita za ta kankare shi yau ba. Ta ciro waya ta kira Oga ta ce ya sa a sallami Rodney Gauthier, tana tafe da mutumin da ya yi aikin, da ƙafarsa, da allon a hannu. Oga ya fara tambayar ɗan wane ɓangare ne, Na Ɗaya ko Na Biyu. Ta ce masa ya aika mota ta kai Rodney gidan maƙwabciyar ya ɗauki 'yarsa, ta kashe wayar.

Daga ƙasa tana jin ƙarar ruwa na zuba a bokiti. Ta tattara kofunan biyu ta kai wurin wanke-wanke, don kada a bar wa tsohon gida da datti. Ta murɗa famfo. Ya ɗan yi tari, ya fitar da iska, ya yi shiru.